Takardun fita waje: hatimi, fassara da tambayoyin da na gaji da amsawa

Da zarar lokacin neman gurbin karatu a Masar ko Saudiyya ya kama, tambayoyin nan ne dai ake ta maimaita mini. Ga amsoshin wuri guda.

Lauya ya buga mini hatimi. Shi ke nan?

A'a. Da fari ma, ba kowane lauya ne notari (mai ikon shaida takardu a hukumance) ba, sai wanda Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa. Shi ma iyakarsa ya shaida cewa kwafin ya yi daidai da na asali, ko kuma a gabansa ka sa hannu. Jami'in da ke zaune a Alƙahira bai san shi ba, balle sa hannunsa. Don haka sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da hatimin, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka ya tabbatar da na ma'aikatar. Takardun karatu kuwa sai sun fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Ka tsallake ɗaya, a maido ka.

An ce in kawo afostil. A ina ake yi?

Ba a yi a Najeriya. Afostil, wato shaida guda da ke maye gurbin hatimin ofishin jakadanci, na ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 ne, mu kuwa ba ma ciki. Saudiyya ta shiga a 2022, amma wannan bai rage maka komai ba, domin dole ƙasar da ta bayar da takardar ita ma ta kasance a ciki. Duk wanda ya ce zai samo maka afostil a kan takardar Najeriya, riƙe kuɗinka.

Na sa an manne mini satifiket da leda don kada ya lalace.

Wa ya aike ka? A kan leda za a buga hatimin? Kada ka yi gigin ɓarewa da kanka, rubutun zai biyo ledar. Koma makarantar da ta ba ka, ka ji abin da za su iya yi maka.

Fassara zan fara yi ko hatimi?

To, nan ne ba ni da amsa guda, kuma wanda ya ba ka amsa guda bai yi aikin da yawa ba. Galibi na fi son a gama hatiman Najeriya tukuna a kan takardar Turanci, sannan a fassara, domin mai fassara ya haɗa da abin da ke rubuce cikin hatiman. Idan ka fassara tun farko, fassarar za ta fito babu su, wani jami'in kuma zai ce ba ta cika ba.

Amma akwai ofisoshin jakadancin da ke son ganin asali da fassara a haɗe su buga wa duka biyun hatimi, ka ga dole a fassara kafin a je wurinsu. Akwai kuma ƙasashen da sau da yawa ba sa kallon fassarar da aka yi a nan ko kaɗan. Hukumomin Faransa da Jamus sun fi yarda da mai fassarar da ya yi rantsuwa a gaban kotunsu. A Turkiyya ma an saba a fassara a can, notarinsu ya shaida. Ka kashe kuɗi a Kano, ka isa can a ce sake. Jamus ma tata daban ce: ofishin jakadancinta a Najeriya ba ya buga irin wannan hatimin, bincike ake sawa a yi kan sahihancin takardar idan wata hukumarsu ta nema.

Ko a ƙasa ɗaya, abin da jami'a ke so ba lalle ya zama abin da ofishin biza ke so ba. Saboda haka rubuta wa wanda zai karɓi takardar, ka tambaye shi abu biyu: fassarar wa yake karɓa, kuma hatimin wa yake son gani a kanta. Ajiye amsar a rubuce. Maganar “wani abokina ya ce” ba ta aiki a gaban jami'i.

Na yi karatun Larabci, ba zan fassara da kaina ba?

Ko kai ne ka koyar da Nahawu, a'a. Ba a zama shaidar kai.

A fasfo Muhammad ne, a sakamakon WAEC Mohammed, a takardar haihuwa Muhammadu.

Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne, amma kada ka raina shi. Je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen naka ne, ita ma ta bi layin hatimin. Sannan ka ba mai fassara kwafin fasfo, ka ce ya bi shi harafi da harafi. Na sha ganin an “gyara” wa mutum Abubakar ko Usman zuwa yadda Larabawa ke jera suna, a ƙara sunan kaka da babu shi a fasfo. Duba suna da ranar haihuwa kafin ka bar shagon.

Katin asibiti zai wadatar a matsayin takardar haihuwa?

A'a. Ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake nema.

Nawa ne, kuma kwana nawa?

Kuɗin na canzawa, ba zan faɗi adadi gobe a zo ana zagina ba. Na gwamnatin tarayya ta Remita ake biya, ka riƙe rasit. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce kawo a hannu zai gama maka yau, ba ma'aikaci ba ne. Batun kwanaki kuwa, idan saura mako guda jirginka ya tashi kake wannan tambayar, fara neman yadda za a ɗaga maka tikiti.