Ford v Ferrari

Ford v Ferrari fim ne na Amurka da ya fito a shekarar 2019, wanda James Mangold ya ba da umarni, kamfanin 20th Century Fox kuma ya fitar. A Birtaniya da wasu ƙasashen Turai an sa masa suna Le Mans '66. Yana ba da labarin yadda kamfanin motoci na Ford ya ƙera motar tsere GT40 domin ya karya lagon kamfanin Ferrari na Italiya a tseren awa 24 na Le Mans da ake yi a Faransa. Jez Butterworth da John-Henry Butterworth da Jason Keller ne suka rubuta shi, tsawonsa minti 152. An fara haska shi a bikin finafinai na Telluride ranar 30 ga Agusta, 2019, ya shiga gidajen sinima na Amurka ranar 15 ga Nuwamba.

Matt Damon ne ya fito a matsayin Carroll Shelby, tsohon direban tsere da ya koma ƙera motoci, Christian Bale kuma ya fito a matsayin Ken Miles, direba kuma bakanike ɗan Ingila. Tracy Letts ya hau kujerar Henry Ford II, shugaban kamfanin Ford, Jon Bernthal ya zama Lee Iacocca, Josh Lucas ya zama Leo Beebe, dukansu biyu manyan jami'an Ford, Remo Girone ya zama Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari. Caitríona Balfe da Noah Jupe su ne matar Miles da ɗansa. Ko da yake sunan fim ɗin ya haɗa kamfanoni biyu, Ferrari ba ya cika bayyana a ciki. Rigimar da ta fi ɗaukar lokaci tsakanin mutanen gareji ne da manyan ofis na Ford.

Asalin gabar

A 1963 Ford ya nemi sayen Ferrari. Ford na da kuɗi da masana'antu amma ba shi da suna a fagen tseren Turai, Ferrari kuma na da suna amma aljihunsa ya yi sanyi. Ciniki ya kusa faɗawa, sai Enzo Ferrari ya ga sharaɗin da zai sa kasafin kuɗin sashen tsere ya koma ƙarƙashin amincewar Ford, ya janye. Wannan ya ɓata wa Henry Ford II rai, ya ba da umarnin a ƙera motar da za ta kayar da Ferrari a inda ya fi tinƙaho. Ferrari ne ya lashe Le Mans sau shida a jere, daga 1960 zuwa 1965.

Shelby ya san wannan fili. Ya ci tseren a 1959 da motar Aston Martin tare da Roy Salvadori, kafin ciwon zuciya ya raba shi da tuƙin tsere a 1960. Miles kuwa an haife shi a 1918, ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar tankokin Birtaniya, daga baya ya koma Kalifoniya. Gwani ne wajen gane ciwon mota daga yadda take motsi a ƙarƙashinsa, sai dai ba ya tauna magana, kuma a kan wannan hali fim ɗin ya gina yawancin rikicinsa da manyan kamfani.

Tseren da ake magana a kai

A Le Mans ba wanda ya fara isa wani wuri ne ke cin tsere ba. Ana sakin motoci da ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, a tsayar da su da ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, motar da ta fi cin nisa ita ce zakara. A wancan zamani direbobi biyu ne ke karɓa-karɓa a kowace mota. Zagaye ɗaya ya kai kusan kilomita 13 da rabi, akasarinsa titunan gwamnati ne da ake rufewa saboda tseren. A cikinsa akwai miƙaƙƙen titin Mulsanne mai kusan kilomita shida, inda manyan motoci ke wuce kilomita 320 a awa. Sai a 1990 aka saka masa lanƙwasa biyu don rage gudu. Wajen tashi kuma direbobi na jeruwa a ɗaya gefen titi, su sheƙa da gudu zuwa motocinsu, su tayar su tafi. An daina wannan bayan 1969, domin da yawa kan fita ba su ɗaura bel ba. Wurin da fim ɗin ya nuna ƙofar Miles ta ƙi rufuwa har ya tsaya a ƙarshen zagayen farko, hakan ya faru.

Motar da matsalolinta

Lambar 40 da ke cikin sunan GT40 tsayin motar ne daga ƙasa zuwa rufi, inci 40, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya. An fara aikinta a Ingila, a garin Slough, bisa tsarin wata motar kamfanin Lola ta Eric Broadley, a hannun Roy Lunn da John Wyer. Fim ɗin ya ratsa wannan ɓangare da sauri, har mai kallo zai ɗauka a Kalifoniya aka haife ta. A Le Mans na 1964 babu GT40 ko ɗaya da ta kai ƙarshe, haka ma a 1965. Giyabos ne ya fi ba su ciwon kai. A ƙarshen 1964 aka miƙa wa Shelby aikin.

Motar farko tana da wani aibi mai haɗari: idan ta ɗauki gudu sosai iska kan shiga ƙarƙashin hancinta ta ɗaga shi, sitiyari ya yi sako-sako a hannun direba. Fim ɗin ya nuna yadda ake liƙa guntayen zaren ulu a jikin mota da salatif, a bi ta a kalli inda zaren ya kwanta da inda yake rawa, don a gane yadda iska ke bin jikinta. Tsohuwar dabara ce ta masu ƙera jiragen sama, kuma tana aiki.

Samfurin da ya ci tseren 1966 shi ne Mk II, mai injin V8 na lita bakwai da ke ba da ƙarfin doki kusan 485. Abokiyar karawarta, Ferrari 330 P3, injinta V12 ne na lita huɗu, ta fi sauƙin nauyi kuma ta fi iya shan kwana. Lissafin Ford shi ne babban inji ba sai an matse shi ba, yana juyawa a hankali ya ba da gudun da ake so, saboda haka ya fi jure kwana da wuni. Kafin a je Faransa an ɗora injin da giyabos a kan na'urar gwaji a Dearborn, cibiyar Ford a Amurka, wadda ke kwaikwayon duk wani canjin giya da taka totur na zagayen Le Mans, aka bar su suna aiki har awa 48, ninki biyu na tseren.

Babban inji ya zo da nauyi, nauyi kuma ya faɗa kan birki. A nan fim ɗin ya fi kusantar ainihin aikin. A kan Mulsanne iska na busa faifan birki har ya huce, sai a ƙarshen titin direba ya taka da ƙarfi don shiga kwana mai tsauri. Cikin daƙiƙu kaɗan faifan ya yi ja zur. Huce ka yi zafi, huce ka yi zafi, ɗaruruwan lokuta, shi ke sa ƙarfen ya tsattsage. Idan zafin ya yi yawa kuma man birki kan tafasa, feda ta nutse ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Babu ƙarfen da zai jure haka awa 24 a lokacin, don haka Phil Remington, babban injiniyan Shelby, ya ɓullo ta wata hanya: ya tsara yadda za a cire faifan da ya ƙone a saka sabo cikin ɗan lokaci, yayin da ake zuba mai ana canjin direba. Ray McKinnon ne ya fito a matsayinsa a fim ɗin.

Ƙarshen tseren 1966

An yi tseren ranakun 18 da 19 ga Yuni. Ford ya shigo da Mk II guda takwas, uku a hannun Shelby, uku a hannun ƙungiyar tsere ta Holman-Moody, biyu a hannun ta Alan Mann. Ferrari ya shiga da rauni tun kafin a fara, domin babban direbansa John Surtees ya yi faɗa da manajan ƙungiya ya fice. Kafin safiya ta yi nisa manyan motocin Ferrari duk sun fita, wata ta yi haɗari, wasu inji ko giyabos ya ci amanarsu. Cikin motoci 55 da suka tashi, 15 kawai suka gama, kuma ko Mk II ɗin uku ne suka rage.

Miles da abokin tuƙinsa Denny Hulme na gaba. Miles ya riga ya ci tseren Daytona da na Sebring a Amurka a wannan shekara tare da Lloyd Ruby, saura Le Mans ya haɗa manyan tsere uku a shekara ɗaya. Sai manyan Ford suka nemi motocinsu su ƙetare layi tare domin hoton talla, aka ce Miles ya sassauta. Ya sassauta. Amma tun da nisa ake aunawa, masu shirya tseren suka ce motar Bruce McLaren da Chris Amon, ita ma ta Ford, ta tashi daga bayan ta Miles a jerin farawa, don haka ta fi cin nisa da 'yan mitoci, duk da cewa dukansu zagaye 360 suka yi. Aka ba su kofi. Ronnie Bucknum da Dick Hutcherson suka zo na uku. Wata biyu bayan haka, ranar 17 ga Agusta, Miles ya rasu a filin Riverside na Kalifoniya yana gwajin sabuwar motar Ford da ake kira J-car. Ford ya ci gaba da lashe Le Mans a 1967 da 1968 da 1969.

Inda fim ya bar tarihi

Fim ɗin ya nuna an hana Miles zuwa Le Mans a karon farko, yana sauraron tsere a rediyo cikin gareji. Gaskiyar ita ce ya tuƙa a 1965 tare da McLaren, giyabos ya mutu musu. Enzo Ferrari bai halarci tseren 1966 ba, balle ya ɗaga wa Miles hula. Henry Ford II ne ya je, shi ma ya ɗaga tutar farawa. Kamfanin motoci na Fiat bai sayi hannun jari a Ferrari a 1963 kamar yadda fim ɗin ya nuna ba, sai a 1969 ya karɓi rabi. Nasarar Daytona ba a zagayen ƙarshe aka ƙwace ta ba, da tazara mai faɗi aka ci. Abin mamaki, tseren da ya ƙare da ban al'ajabi shi ne Sebring, inda motar Dan Gurney, wani direban Ford, ta mutu a zagayen ƙarshe yana kan gaba, ya tura ta da hannu aka kore shi, amma fim ɗin bai nuna wannan ba. Leo Beebe ne ya fi kwana a ciki: labari na buƙatar mugu, aka ɗora masa.

Ɗauka da karɓuwa

Ba a filin Le Mans aka ɗauki tseren ba, domin ya canja kama ƙwarai tun 1966. An gina rumfunan gyara da wurin zaman 'yan kallo a wani ƙaramin filin jirgi a Agua Dulce da ke Kalifoniya, sauran sassan titin aka ɗauka a wurare daban-daban a jihar Jojiya, aka harhaɗa su su zama zagaye ɗaya. Phedon Papamichael ne ya riƙe kyamara. Motocin da aka tuƙa kwaikwayo ne, domin na asali sun fi ƙarfin a kai su inda za su bugu. Alex Gurney ya fito a matsayin mahaifinsa Dan.

An kashe kusan dala miliyan 97 da rabi, fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 225 a faɗin duniya. Ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu, har da na gwarzon fim, ya ci biyu: tace hoto, wanda Michael McCusker da Andrew Buckland suka karɓa, da tace sauti, wanda Donald Sylvester ya karɓa. Bale kuma ya shiga takarar gwarzon jarumi a Golden Globe.