Abincin tamowa magani ne, na yaro ɗaya

Iyayenmu mata da ke sansanonin gudun hijira, da waɗanda suka raɓe a gidajen dangi tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukansu a Zamfara, Katsina da Sakkwato, maganar ledar gyaɗar nan da muke bayarwa a asibiti nake son mu yi.

Ba kowane yaro ake ba ita ba. Sai mun ɗaura igiyar awo a damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 ta nuna ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ko kuma ƙafafunsa biyu sun kumbura, a danna da yatsa wurin ya lotsa. Irin wannan yaron gudawa ko ƙyanda kaɗai na iya tafiya da shi.

Leda ɗaya giram 92 ce: gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Da nauyin yaron ake lissafa adadin da zai sha a rana, kuma kafin ya murmure yakan sha kusan katan guda, leda 150, cikin mako 6 zuwa 8. Idan aka raba da yayyensa, ko aka kai kasuwa, lissafin ya rushe. Mako ya zagayo, mu ɗora shi a sikeli, nauyi na nan inda yake.

Ni dai ba na ganin laifin uwar da 'ya'ya biyar suka zuba wa ido alhali tukunya ba ta hau wuta ba. Wannan jarrabawa ce babba. Ki faɗa mana halin da gidan yake ciki, mu auna sauran yaran, mu duba ko akwai tallafin abinci a kusa. Wanda nake kuka da shi shi ne ƙato mai lafiya da ke sayenta yana shafa wa burodi, da mai shagon da ke jera ta a kanta. Ku ji tsoron Allah, maganin yaron da ke bakin mutuwa ne.

Kada a dama ta da ruwa ko kunu. A wanke hannu, a fara ba shi nono in yana sha, sannan ya tsotsa daga ledar, a bi da ruwa mai tsabta. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a ba shi. In yaro ya ƙi ci, ko yana amai, ko jikinsa ya yi zafi, ko kumburin ya ƙaru, a kawo shi a ranar, kada a jira ranar awo.