Shin da gaske bakwaini ya fi ɗan wata takwas rayuwa?

A gidajen suna da wuraren barka, daga Katsina har Daura, an daɗe ana cewa jaririn da aka haifa a wata bakwai yakan rayu, amma na wata takwas ba ya yin rai. Iyayenmu sun gaji maganar ne, ba da mugun nufi suke faɗa ba. Sai dai ba haka abin yake ba.

Ana lissafin ciki mako 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. A mako na 28, wato wajen wata bakwai, nauyin jariri kusan kilo 1 ne, huhunsa bai gama nuna ba. Zuwa mako na 34, wato wajen wata takwas, huhun ya ƙara ƙwari, kitse ya fara taruwa a ƙarƙashin fata yana riƙe masa ɗumi, ya kuma fara iya tsotso da haɗiya tare da numfashi. Duk makon da ya ƙara a mahaifa ƙarin ƙarfi ne gare shi, don haka na wata takwas ya fi samun damar rayuwa.

Abin da ke damuna shi ne a karaya da ɗan wata takwas, a yi jinkirin kai shi asibiti.

Sau da yawa lissafin watanni ne ke ruɗa mu. Idan kina da juna biyu, ki duba katin awonki, ki tambayi ma'aikaciyar jinya mako nawa cikin ya kai. Hoton ciki na farkon watanni ya fi daidaita lissafi. Naƙuda kafin mako 37, asibiti za a nufa nan take.

Don Allah ku tura wa masu juna biyu da surukansu wannan bayani.