Hasumiyar fitila ta Cape Three Points da ƙauyukan gaɓar Ahanta

Cape Three Points wani zungureren tsauni ne da ya kutsa cikin tekun Atilantika a yankin Yammacin Gana, cikin ƙasar Ahanta, kuma nan ne ƙarshen Gana ta kudu, daga shi sai ruwa. Turawan Fotugal ne suka raɗa masa sunan saboda kawuna uku na dutse da ake hangowa daga jirgi. Ana yi masa kirari da cewa shi ne ƙasar da ta fi kusa da babu ko'ina, dalili kuwa inda layin ikwaita ya haɗu da layin Girinwic, wato sifili da sifili a taswira, yana can tsakiyar teku kimanin kilomita 570 daga wajen, kuma babu wata busasshiyar ƙasa da ta fi wannan yankin gaɓar kusa da can.

Hasumiyar kanta

Turawan Ingila sun fara gina fitila a wajen a 1875, kangonta na nan har yanzu, wadda ke aiki yau kuwa a 1925 aka gina ta. Aikinta shi ne da dare ta riƙa walƙawa don matuƙan jirgi su san akwai duwatsu su ja nesa. Gaskiya wanda ya saba ganin dogayen hasumiyoyi a hoto zai iya cewa au, ita ce wannan? don ba wata doguwa ba ce can, tudun da take kai ne ya ɗaga ta. Minti ashirin ya isa a gama kallonta. Abin da ke riƙe mutum shi ne ƙarar ruwa yana dukan duwatsu ta ɓangare uku, sai kuma ƙauyukan da ke jere gabas da yamma da ita, waɗanda kusan kowanne akwai tsohon sansanin Turawa a kansa.

Bayan ƙauyen da ke kusa da hasumiyar akwai gandun daji na gwamnati, ɗaya daga cikin ƴan kurmin da suka rage dab da bakin teku a Gana, akwai birai da tsuntsaye. Kunkurun teku ma na fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai a yashi, musamman daga wajen Oktoba zuwa farkon shekara.

Akwidaa da Princes Town

Mafi kusa ta gabas ita ce Akwidaa, gari biyu ne, tsoho a bakin ruwa sabo a kan tudu, kogin Ezile ya ratsa ana tsallakawa ta gadar katako. A kan ɗan tsaunin da ke gefe akwai kangon Fort Dorothea, itatuwa sun cinye shi, saiwoyi sun shiga cikin bango, in ba da ɗan gari ba sai ka wuce ba ka lura ba.

Ta yamma kuma Princes Town ce, da ƴan gari ke kira Pokesu, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Mutane da yawa ba su san Jamusawa sun taɓa cinikin bayi a wannan gaɓar ba, to sun yi. Ranar 1 ga Janairun 1683 wani Otto Friedrich von der Groeben ya kafa tutar masarautar Brandenburg a kan tudun, aka gina sansanin Gross Friedrichsburg, ana sayen zinariya da mutane ana lodawa zuwa Karibiyan. Kasuwar ba ta yi musu kyau ba, a 1717 sarkin Furusiya, wanda Brandenburg ke ƙarƙashinsa, ya sayar wa Holan da wajen yana can zaune a Turai, ba tare da ya tambayi masu ƙasa ba. Sai wani babban dillali ɗan yankin, John Canoe, wasu na rubuta Jan Conny, ya ce bai san zance ba, ya shige sansanin da dakarunsa ya riƙe shi, ya kori ƴan Holan da suka zo karɓa, ya ci gaba da ciniki da duk jirgin da ya ga dama har 1724 kafin su fi ƙarfinsa. Ba waliyyi ba ne shi ma, cinikin da Turawan ke yi shi yake yi, amma shekara bakwai yana hana kamfanin Turai abin da ya biya kuɗi ya saya ba ƙaramin abu ba ne. Masana da dama na danganta bikin Junkanoo na Bahamas da Jamaika da sunansa.

Dixcove, Busua, Butre

Dixcove garin masunta ne na gaske, ɗan lungun teku zagaye kamar ƙwarya cike da kwale-kwale masu fenti kala-kala da tutoci, an rubuta musu sunaye da ayoyin Baibul a jiki. Da safe in jirage sun dawo wajen kamar kasuwar sallah, samari na cikin ruwa har ƙirji suna ɗauko kifi a manyan kwanonin silba, mata na tsaye suna ciniki da ƙarfi, kuma su matan nan ba ƴan kallo ba ne, sau da yawa su ke ba da kuɗin mai da na taru kafin a fita, don haka kifin nasu ne tun yana ruwa. Daga nan sai murhun banda, hayaƙi ya rufe unguwa. A sama da garin farin ginin Fort Metal Cross yake, ƴan Ingila suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 17, a 1868 aka yi musanye ya koma hannun Holan, su suka sa masa sunan, a 1872 ya dawo wa Ingila. Ranar Talata ba a fita su a yawancin gaɓar nan, al'ada ce tsohuwa, mai son ganin hada-hada kar ya zaɓi ranar.

Busua tafiyar ƙafa ce kaɗan daga Dixcove. Nan ne masaukai da gidajen abinci suke, da yashi mai faɗi, da samarin da ke koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a kan allo. Nan ne kuma fadar babban sarkin Ahanta. Gaba kaɗan Butre ce, da kangon Fort Batenstein a kan tudu, inda a 1656 Ahanta da Holan suka ƙulla yarjejeniyar da ta kai har 1872.

Zaman bai tafi lafiya ƙalau ba. A 1837 rikici ya ɓarke tsakanin sarkin Ahanta Badu Bonsu na biyu da ƴan Holan, aka kashe musu jami'ai, shekarar da ta biyo suka turo runduna ƙarƙashin Janar Jan Verveer, aka rataye sarkin aka yanke kansa aka tafi da shi. Kan ya zauna cikin kwalbar magani a asibitin jami'ar Leiden, sai a Yulin 2009 aka miƙa wa dattawan Ahanta. Sansanonin nan suna cikin gine-ginen gaɓar Gana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979.

Mai, roba da hanya

A 2007 kamfanonin Kosmos da Tullow suka gano mai a filin Jubilee, kimanin kilomita 60 cikin teku daga wannan gaɓa, aka fara haƙa a Disambar 2010. Sunan Cape Three Points ya shiga takardun kwangila da labaran duniya, ƙauyen kuwa ya daɗe yana fama da hanyar jar ƙasa da ke zama taɓo da damina. Masunta na ƙorafin cewa kifi na bin hasken jiragen mai, su kuma an hana su matsawa kusa da mita 500. A tudu ma abin ya canza, cutar kwakwa ta kashe gonaki da yawa, gonakin roba na kamfani suka mamaye fili, shi ya sa mai tafiya zai yi ta wuce layin itatuwan roba da ƴan kofuna ɗaure a gindinsu.

Zuwa wajen daga Takoradi ake tashi, a hau torotoro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Agona Nkwanta hedikwatar Ahanta ta Yamma, daga can a sake mota zuwa Busua ko Dixcove ko Akwidaa, sauran hanyar kuma sau da yawa sai babur ko mota mai ƙarfi. A Takoradi akwai zango, Hausa na ci a tasha da wajen masu koko da ƙosai, amma da an gangara ƙauyukan sai Ahanta da Fante da ɗan Turanci. Mai son ganin bikin Kundum na Ahanta da Nzema, wanda ake yi gari bayan gari da kiɗa da rawa, ya nufi tsakanin Agusta da Nuwamba. Wanka kuma a yi shi inda ƴan gari suka nuna, don ruwan gindin hasumiyar yana ja, duwatsun kuma santsi gare su.