Waiwaye: Jego a ƙasar wasu

A garuruwanmu idan mace ta haihu ba a barin ta ita kaɗai ko na yini guda. Tun asuba an hura wuta an ɗora tukunyar wanka, wata tsohuwa tana tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata, wata tana dama kunun kanwa, 'yan barka na shiga suna fita. In haihuwar fari ce, tun ciki ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, sai ta yi arba'in za ta koma ɗakinta. Likitoci sun daɗe suna ƙorafi a kan zafin ruwan da yawan kanwar, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar masu jego, kuma suna da hujja. Sai dai ban da wanka da kunu, al'adar tana kewaye mai jego da mutane. Su ne abu na farko da ke ɓacewa ranar da yaƙi ko talauci ya raba mace da gida, ta tsinci kanta da jariri a ɗaki guda a wani birnin Turai, ko a cikin tanti.

Abin da ake magana a kai, wato ciwon damuwa na bayan haihuwa, ya bambanta da 'yar ƙwallar da mata da yawa ke yi kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, wadda ke wucewa kafin mako biyu. Ya kuma bambanta da taɓin hankalin jego, mai kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu, har a ce iska ce ta shige ta. Ciwon damuwa yana tsakaninsu: makonni ko watanni na ƙuncin zuciya, ba barci ko da yaro ya yi barci, abinci ba daɗi, mace tana ganin ta gaza a matsayin uwa, wani lokaci har da tunanin halaka kai.

Likitan Faransa Louis-Victor Marcé ya wallafa littafi sukutum a 1858 kan rikicewar hankalin masu ciki da masu jego da masu shayarwa. Amma shekara ɗari bayansa hankalin likitoci yana kan waɗanda ciwo ya kai su asibitin mahaukata. Sai a 1968 Brice Pitt ya bi mata 305 da suka haihu a wani asibitin Landan, ya tarar kusan kashi 11 cikin 100 suna fama da ciwon damuwa a gidajensu, ba wanda ya sani.

Daga nan aka yi kuskuren da ya ja wa matan da ke baƙunta a ƙasar wasu asarar shekaru. An ɗauka ciwon na matar Bature ce, wadda ba ta da dangi a kusa. A 1983 masana al'adu biyu, Stern da Kruckman, suka rubuta cewa al'ummomin da ke killace mai jego, su hutar da ita, su yi mata hidima, da wuya a ga ciwon a cikinsu. Magana ce mai daɗin ji, mu ma mukan faɗe ta, mu ce cutar Turawa ce. Abin mamaki, a shekarar ne John Cox, wanda ya koyar a jami'ar Makerere, ya wallafa kwatancen matan Yuganda da na Sikotlan, ya nuna kusan kashi 10 na matan Yugandan ma suna fama da shi. A 2002 Vikram Patel ya samu kashi 23 a Goa ta Indiya, inda talauci da dukan miji da haihuwar 'ya mace suka fi tura mata ciki. A ganina ɓangarorin biyu kowa ya riƙe wani gefen gaskiya. Al'ada ba ta hana ciwon zuwa, amma tana rage masa kaifi, kuma ba a gane yawan abin da take tarewa ba sai da aka duba matan da suka rasa ta.

Cox ɗin nan shi ne, tare da abokan aikinsa Holden da Sagovsky, ya fitar da ma'aunin Edinbara a 1987: tambayoyi goma kan yadda mace ta ji a kwana bakwai da suka wuce. Yau an fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma da yawa daga cikin alƙaluman da ke tafe da shi aka samo su. Amma a duba yadda yake aiki a ɗakin awo. Ungozoma ta miƙa takarda, matar ba ta jin harshen, mijinta ne tafinta. Ɗaya daga cikin tambayoyin karin maganar Ingilishi ce, in aka juya ta kalma da kalma sai ta zama “abubuwa sun hau kaina”. Ta ƙarshe tana tambaya ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Wace mace za ta amsa wannan ta bakin mijinta, balle in shi ne tushen damuwar? Sai ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi. In ma za ta yi ƙorafi, ciwon kai za ta ce, ko jiki ba ƙarfi, ko tunani ya yi mata yawa, a ba ta farasitamol ta tafi. Ga kuma tsoro, wanda ya yaɗu sosai tsakanin baƙi a Turai, cewa wadda ta ce hankalinta ba a kwance yake ba hukuma za ta ƙwace mata ɗa.

Ƙasashen da ke karɓar baƙi da yawa ne suka fara ƙirga. A Melbourne ta Ostareliya, Rhonda Small da abokan aikinta sun zauna da matan Biyetnam da Turkiyya da Filifin, kowace da harshenta. Da aka tambaye su me ya jawo, kaɗaici da kewar gida suka fi ambata. A Kanada, binciken 2008 a Montreal da Toronto da Vancouver ya samu alamun ciwon a kashi 8 na matan da aka haifa a ƙasar, amma daga kashi 26 zuwa 35 a tsakanin baƙi. A 2017 Gracia Fellmeth ta tattara binciken da aka yi kan matan da suka fito daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta ce kusan ɗaya cikin uku.

Wanda ya fi buɗe ido shi ne na mujallar Lancet Public Health a 2023. Ya ce baƙuwa ɗaya cikin huɗu na fama da ciwon lokacin ciki ko bayan haihuwa, sannan ya raba su gida biyu. Waɗanda suka tafi ci-rani da ƙafarsu, kusan kashi 14, wato dab da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ga masu jego a ko'ina, kashi 13. Waɗanda aka koro kuwa, kusan kashi 33. Jikin mace iri ɗaya ne, sauyin da haihuwa ke kawo masa ɗaya ne. Bambancin yana cikin abin da ta gani a hanya, da fyaɗen da ba ta faɗa wa kowa ba, da takardar zama da ba ta fito ba, da rashin sanin inda za ta kwana wata mai zuwa. Birtaniya ta ba da misali ƙarara. Tun shekarar 2000 take rarraba masu neman mafaka zuwa garuruwan da ba su zaɓa ba, kuma a 2013 ƙungiyoyin Refugee Council da Maternity Action suka fitar da rahoton yadda ake kwashe mata da tsohon ciki, a raba su da ungozomarsu da 'yan ƙawayen da suka samu, wasu su haihu ba kowa nasu a kusa.

Wani abin takaici shi ne yawancin binciken a ƙasashe masu arziki aka yi shi, alhali fiye da kashi 70 na 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Ɗaya daga cikin wuraren da aka duba da kyau shi ne iyakar Tailan da Myanmar, har da sansanin Mae La, inda bayanan asibiti daga 1998 zuwa 2015 suka nuna kashi 9 na mace-macen masu ciki da masu jego na matan da suka kashe kansu ne. A kusa da mu akwai Minawao a Kamaru, da aka buɗe a 2013 don waɗanda Boko Haram ta koro, da Diffa, da ƙauyukan Maraɗi da suka karɓi mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, da Adre a gabashin Chadi, inda 'yan Sudan ke kwarara tun Afrilun 2023, akasarinsu mata da yara. A irin waɗannan wurare ungozoma tana fama da jijjiga da zubar jini da tamowa, layi ya miƙe har waje, tambayar zuciya ba ta samun gurbi.

Magani kuwa ya bi hanya biyu. A Agustan 2023 Amurka ta amince da zuranolone, ƙwayar farko da aka yi musamman don damuwar jego, ta kwana 14, a kan kusan dala dubu 16. Ɗaya hanyar ta fito daga ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan, inda Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa shiga gida suna zama da mai cikin da ke fama da damuwa, suna sauraron ta, suna jawo miji da surukai cikin maganar. Sakamakon 2008 ya nuna wata shida bayan haihuwa kashi 23 ne ke da sauran ciwo, a inda ba a yi hakan ba kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi littafin koyarwa a 2015, a 2022 kuma ta ba da jagora kan haɗa duba lafiyar ƙwaƙwalwa da awon ciki. Ƙarfin tsarin Rawalpindi shi ne ma'aikaciyar 'yar garin ce, harshensu ɗaya, ta san gidan. A sansani, matar da ta cika waɗannan sharuɗɗan ita ma gudowa ta yi, sau da yawa da goyo a bayanta.