Madogarar bindigar farauta: amsar abin da kuke ta tambayata

Maharba na Damagaram, daga Birni har Zango, tambayoyin nan ne kuke maimaita mini kullum a kan madogara, wato sanduna masu gwafa a sama da ake ɗora bindiga a kai lokacin harbi. Ga amsa, ku karanta kafin ku sake tare ni a kasuwar Dole.

Shin dole ne sai da madogara?

A'a. In zabon daji ko fakara kake harbi a sama da kalibar 12, bindigar nan mai watsa ƙananan harsasai, madogara tauye ka za ta yi. Amfaninta ga harsashi guda ne, abin harbi na tsaye daga nesa.

To mene ne amfaninta?

Ta kashe rawar hannu. Mutum ya sha tafiya cikin rana, numfashi na sama-sama, bakin bindiga ba ya tsayawa. Sai ya raunata dabba ta shige daji ta mutu a banza. Wannan zalunci ne, shi ya sa nake ta maganar nan.

A ina zan ɗora bindigar?

Katakon gaba, ba ƙarfen ba! Sau nawa zan faɗa? Ƙarfen yana girgiza lokacin da harsashi ke fita. In ka danne shi a kan abu mai tauri, saiti ya sauya. Ka sa tsumma ko roba a bakin gwafar.

Mai ƙafa biyu ko mai ƙafa uku?

Nan kam babu amsa ɗaya, ɗan'uwa, sai na san inda kake zuwa. Mai ƙafa uku ta fi tsayuwa, kamar duwatsun murhu, kuma tana zama da kanta ko ka sake ta. In kwanto kake yi wuri guda, ita ce taka: ƙafa ɗaya gaba wajen abin harbi, biyu baya, kai a tsakaninsu. Amma tana da nauyi, kuma kafin ka gama baza ta zomo ya yi nisa. Mai yawan tafiya, sanduna biyu a gicciye sun fi masa, sai dai suna hana motsin sama da ƙasa ne kawai, gaba da baya jikinka ne zai riƙe.

Sai kuma ƙasa. Wajen Tanut da Gure rairayi ne, ƙafa mai tsini nutsewa take, sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya, bindiga ta karkace. Can ana son ƙafa mai faɗin tafi. A kan duwatsun da ke kewaye da garin nan kuwa tsinin ƙarfe zamewa yake, roba ce ke kamawa. Tsawo ma ya danganta: a tsaye gwafar ta kai kusan hammatarka, kada ta sa ka duƙa. In ciyawa gajera ce ka zauna ka rage ta, don zama ya fi tsayuwa natsuwa, balle in iskar hunturu na kaɗawa. Ni dai ra'ayina, yawancinku mai biyu ta ishe ku, amma dattijo ko mai rawar hannu ya ɗauki mai uku, ba abin kunya ba ne.

Ta kyamara za ta yi?

In mai ƙwari ce aka ɗaura mata gwafa, za ta yi. Ƴar siririyar nan ta waya, a'a.

Ba ni da kuɗin ta kanti.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Gora miƙaƙƙiya biyu ko uku, ka ɗaure su kusa da kai da robar tayar keke. Maharba a ƙasashen Afirka da dama da irinta suke aiki har gobe.

In shafa wa makullan ƙafafun mai?

Kada ka kuskura. Mai ƙura yake kamawa. Goge da busasshen tsumma.

Zan iya barin bindiga a kanta in huta?

Da harsashi a ciki? Haba malam! Iska ko kare ya ture ta, sai labari ya sha bamban. Cire harsashi tukuna. Kuma kafin ka taɓa kunama ka san abin da ke bayan dabbar, dajinmu cike yake da makiyaya da raƙuma.

Tunda ta ƙara mini saiti, in nufi Tarmit?

Kada ma ka fara. Tarmit da Tin-Tumma gandun daji ne na hukuma tun 2012, kuma dokar farauta ta 1998 ta ware dabbobin da ba a taɓawa. Je wurin ma'aikatan gandun daji ka nemi takardar farauta, su faɗa maka lokacin da aka buɗe da abin da aka yarda ka harba. Takardar mallakar bindiga kuma daban take, ita ma ka riƙe ta a aljihu.