Shirun wata huɗu: da gaske ne baƙin masu bincike na iya shiga gaɓar teku ba izini?

Duk lokacin da hoton wani jirgin binciken teku na ƙasar waje ya ɓulla a kafafen sada zumunta, ko aka ga masana da kayan nutso suna ɗibar laka da ɓallin murjani, sai wata magana ta biyo baya. Wai akwai dokar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ce idan baƙi suka nemi izinin bincike a tekun wata ƙasa, gwamnatin ƙasar ta yi shiru wata huɗu, shi ke nan ƙofa ta buɗe: su shiga fadamun bakin teku, su tona rairayi, su kwashi murjani su yi gaba, ba mai ce musu uffan. Wasu har ƙarin gishiri suke yi, wai wurin da aka yi binciken yakan zama mallakar ƙasar da ta yi shi.

Zancen wata huɗun yana da tushe, a rubuce yake. Abin da aka ɗora masa ne ba ya cikin dokar.

Dokar da ake nufi ita ce Yarjejeniyar Dokar Teku, wadda aka fara rattaba wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika ranar 10 ga Disamba 1982, ta soma aiki ranar 16 ga Nuwamba 1994. Kashi na 13 nata ne ya yi magana kan binciken kimiyya a teku. Ya shafi ƙasashe da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa masu son yin bincike a ruwan wata ƙasa, da jami'o'i da cibiyoyin da ke bi ta hannun gwamnatocinsu. Masanin da ke aiki a gaɓar ƙasarsa dokar gida ce ke kansa.

Masu yaɗa jita-jitar sun tsallake abu na farko, wato yarjejeniyar ba ta ɗauki teku a dunƙule ba, ta yanka shi yanki-yanki. Ana fara awo daga layin da ruwa ke tsayawa idan ya janye. Abin da ke bayan wannan layi ta ɓangaren tudu, kamar fadamun ruwan gishiri da kurmin bakin teku da rairayin gaɓa da tafkunan da teku ke kwararowa ciki, ƙasa ce ko ruwan cikin gida, ikon gwamnati a kansu daidai yake da ikonta a kan kowane fili na tsakiyar ƙasar. Daga layin zuwa mil 12 na teku (mil ɗaya na teku mita 1,852 ne) shi ne ruwan mallakar ƙasa. A nan Sashe na 245 bai bar wata kafa ba: ba a yin bincike sai da izini bayyananne na ƙasar, bisa sharuɗɗan da ta gindaya. Babu batun shiru, babu ƙidayar watanni. Ƙasar tana iya ƙi ba tare da ta faɗi dalili ba. Ko jirgin da ke wucewa kawai, wanda doka ta ba shi damar ratsawa cikin lumana, da zarar ya fara awo ko bincike to Sashe na 19 ya ce ya fita daga sahun masu wucewar lumana.

Murjani ma an tuna da shi. Sashe na 6 ya ce tsibiran da duwatsun murjani suka kewaye, ana fara awon ruwansu ne daga bakin duwatsun na waje, wanda ke fuskantar teku. Ke nan tafkin da ke tsakanin murjanin da tsibirin yana cikin gida. Ga ƙasashe irin su Maldibs da Kiribati da Tuvalu, waɗanda rayuwarsu kacokan a kan murjani take, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To ina shirun wata huɗu ya shigo? Sai an wuce mil 12, an shiga yankin tattalin arziki na keɓe da ke kaiwa mil 200, da kuma shimfiɗar ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan. Nan ma sai da izini, amma Sashe na 246 ya ce a yanayi na yau da kullum ƙasa ta bayar da shi idan binciken na lumana ne kuma don ƙara ilimi. Ya kuma lissafa inda take da damar ƙi ba tare da kowa ya tuhume ta ba: idan binciken ya shafi neman albarkatu kai tsaye, kifi ne ko mai ko ma'adinai, idan za a haƙa ƙasan teku, ko a yi amfani da nakiya, ko a zuba abu mai cutarwa, idan za a kafa gine-gine ko tsibirin da mutum ya ƙirƙira, ko kuma idan bayanan da aka gabatar ba daidai ba ne, ko masu binciken ba su cika alkawarin wani aiki na baya ba.

Mai son bincike dole ya miƙa cikakken bayani wata shida kafin ranar farawa, ta hanyar hukuma: manufar aikin, kayan da za a yi amfani da su, sunan jirgi da girmansa, ainihin wurin da za a yi aikin, ranar shigowa da ta fita, cibiyar da ta ɗauki nauyi da wanda ke jagoranta. Daga nan ne Sashe na 252 ya ce idan wata shida ya cika da miƙa bayanin ana iya farawa, sai fa in ƙasar ta yi magana a cikin wata huɗun farko. Inda gizo ke saƙar shi ne irin maganar da ake buƙata. Ba lallai sai ta ce ta ƙi ba. Ya isa ta ce bayanan ba su dace da zahiri ba, ko akwai wani alkawari na baya da ba a cika ba, ko kawai tana buƙatar ƙarin bayani. Wasiƙa guda mai neman ƙarin bayani ta isa ta hana shirun zama yarda.

Ko da ƙasar ta yi sakaci watannin suka wuce, abin da shirun ya halatta shi ne aikin da aka bayyana a takarda, a wurin da aka bayyana, a lokacin da aka bayyana. Bai halatta kamun kifi don sayarwa ba, bai halatta matsowa cikin mil 12 ba, balle sauka a rairayi. Gaskiya ne akwai duwatsun murjani da ke can tsakiyar ruwa nesa da kowane tudu, kuma waɗannan sashen zai iya shafar su. Amma fadama da gaɓa da murjanin da ke jikin gaɓa, waɗanda su ne ake tsoratar da mutane a kansu, sashen bai ko kusance su ba.

Sashen ya samo asali ne daga ja-in-jar da aka yi a taron da ya haifi yarjejeniyar, wanda aka kwashe daga 1973 zuwa 1982 ana yi. Ƙasashe masu jiragen bincike sun so a bar kimiyya ta wataya, ƙasashe masu tasowa suka dage sai da izini, don sun san wanda ya fara sanin abin da ke ƙarƙashin ruwa shi ne mai rinjaye idan an zauna ciniki. Aka ba masu tasowa izinin, aka ba masu jirage tabbacin cewa takardarsu ba za ta kwana a aljihun tebur har abada ba. A ganina sulhun ba shi da laifi a takarda. Sai dai agogon wata huɗu iri ɗaya yake bugawa ga ƙasar da ke da ofishi cike da masana teku da kuma ƙaramar ƙasar tsibiri da ma'aikata kaɗan ke riƙe da harkar kifi da muhalli da tashar jiragen ruwa gaba ɗaya. Takardar takan fara sauka a ma'aikatar harkokin waje, kafin ta kai teburin wanda zai gane cewa wannan na'urar ta awon zafin ruwa ce, waccan kuma ta leƙen abin da ke ƙarƙashin ƙasa ce, makonni sun tafi. Wannan shi ne abin damuwa na gaskiya, kuma da wuya ka ji masu jita-jita sun ambace shi.

Batun mallakar wuri kuwa Sashe na 241 ya kashe bakin zarensa a jimla guda: binciken kimiyya ba ya zama hujjar da'awar mallakar wani yanki na teku ko albarkatunsa. Samfuran da aka ɗiba ma ba a bar su haka nan ba. Sashe na 249 ya ba ƙasar damar sa masananta a cikin jirgin ba tare da ta biya ko sisi na kuɗin aikin ba, ya wajabta a ba ta rahoton farko da sakamakon ƙarshe, a ba ta damar ganin duk bayanai da samfura, a raba da ita abin da zai rabu ba tare da ya lalace ba, a taimaka mata wajen fassara sakamakon idan ta nema, a kuma kwashe kayan aiki idan an gama. Bayan wannan akwai wasu shingaye biyu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce amfani da ƙwayoyin gadon halittu na wata ƙasa sai da izininta tun farko da kuma tsarin raba amfanin, gwargwadon dokar da ƙasar ta kafa. Sannan murjani mai dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, don haka fitar da shi daga ƙasa, ko don ɗakin gwaje-gwaje ne, sai da takardar izini.

Sai tambayar da kowa ke yi: wanda ya karya doka me ake yi masa? A nan ne mutane da yawa kan ji ba daɗi, domin Kashi na 13 bai yanka tara ba, bai ambaci ɗauri ba. Abin da Sashe na 253 ya bayar shi ne ikon dakatar da aikin idan ya kauce wa abin da aka bayyana ko ba a cika sharuɗɗa ba, da ikon soke shi gaba ɗaya idan kaucewar babba ce ko an ƙi gyarawa. Kuma wanda ya bar alkawari a baya ana iya hana shi izini a gaba, wanda ga cibiyar da ke bibiyar wuri ɗaya shekara da shekaru hukunci ne mai zafi. Tara da ƙwace kaya da gurfanarwa a kotu duk daga dokar cikin gida suke fitowa. Ƙasar da ba ta rubuta tata ba, hannunta a gajarce yake. Akwai kuma ƙarin cikas: jiragen bincike da yawa mallakar gwamnatoci ne, kuma jirgin gwamnati da ba na kasuwanci ba yana da kariya daga kamu. Hanyar da ta rage ita ce a umarce shi ya daina, a kai ƙorafi ga ƙasarsa, ita ce ke da alhakin ɓarnar da ya yi. Ta ɗaya ɓangaren, Sashe na 297 ya kare ƙasar gaɓa: idan ta yi amfani da damarta ta ƙi ko ta dakatar, ba a tilasta mata zuwa kotun ƙasa da ƙasa mai yanke hukunci, iyaka a kai maganar gaban kwamitin sasantawa. Ƙarfin hanawa yana hannun mai gaɓa, ƙarfin hukuntawa kuma rauni gare shi idan mai laifin babbar ƙasa ce.

Masu cewa a rufe ƙofa kawai a huta, su ma sai su duba abin da za a rasa. Sanin cewa duniya ta yi asarar kusan kashi 14 cikin ɗari na murjaninta tsakanin 2009 da 2018 ya fito ne daga masu nutso da suka riƙa komawa wurare iri ɗaya suna ƙirge, aka haɗa alƙalumansu a rahoton 2021. A Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu na farin murjani a faɗin duniya, wato lokacin da zafin ruwa ke sa murjani ya kori ƙananan tsirran da ke ciyar da shi ya koɗe. Tsayin ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma ko fadama za ta tsira ko za ta nitse ya dogara ne kan ko lakar da ke taruwa a cikinta tana tafiya daidai da hauhawar ruwan. Ana gane haka ne da sanduna da aka kafa a laka, ana auna bambancin milimita shekara bayan shekara. Ƙasar da ba ta da waɗannan alƙaluma ita ce ke zuwa taron sauyin yanayi ba ta da abin nunawa.

Giɓin da ya fi shirun wata huɗu girma yana wani wajen. Yarjejeniyar ba ta fayyace abin da ake nufi da binciken kimiyya na teku ba. Shi ya sa Amurka, wadda har yanzu ba ta shiga yarjejeniyar ba duk da tana bin yawancin tanade-tanadenta, take ɗaukar awon da sojojin ruwa ke yi a matsayin abin da ba ya buƙatar izini a yankin mil 200, Sin kuma ta ce yana buƙata. Saɓanin ya fito fili a 2009 lokacin da jiragen Sin suka tare jirgin Amurka mai suna Impeccable a Tekun Kudancin Sin. Ita Amurkar ce kuma a 2020 ta sauya tsarinta, ta ce duk baƙon da zai yi binciken kimiyya a nata yankin sai ya nemi izini. Ga kuma na'urorin Argo kusan 4,000 da ke shawagi a tekunan duniya suna auna zafi da gishiri, igiyar ruwa na kai su inda ta ga dama. Abin da aka iya cimma a kansu a 2008 shi ne tsarin sanar da ƙasar da ta nemi a riƙa sanar da ita idan na'ura ta doshi ruwanta. Tauraron ɗan'adam kuwa yana zana taswirar fadama da rairayi da murjanin ruwa mara zurfi daga sama, kuma Kashi na 13, da aka tsara shi da jirgin ruwa a zuciya, bai tanadi takardar da mai tauraron zai cike ba.